Tafintan da ke ƙarƙashin teburina

Wannan makon labarin shagona na kawo muku, da na wata tsohuwar laftof mai fasasshen gilashi da ke zaune a ƙarƙashin teburina. Masu sana'ar kwamfuta za su samu abin tsinta. Waɗanda ba sana'arsu ba ce kuma su daure su biyo ni, domin abin da ya sa na yi aikin ya shafi duk wanda ya taɓa miƙa wa mai shago wayarsa ya ce a buga masa takarda.

Shagona na buga takardu ne a cikin garin Sabon Birni. Ba wani babban wuri ba ne: kwamfutar tebur ɗaya, injin fotokwafi, da firinta ƙirar HP LaserJet 1020 da na saya ta hannu a Sakkwato. Sai yaron shago, ɗan yayata. Kafin 2021 ta hanya uku ake kawo mana aiki. Wani ya zo da filash, mu soka, mu kwashi cutar nan mai ɓoye fayiloli. Wani ya turo ta WhatsApp zuwa lambata. Wani kuma ya cire makullin wayarsa ya miƙo ta gaba ɗaya, mu jona da kebul mu lalubo takardar da kanmu. Duk hanyar da aka bi, kwafin takardar mutum a wurina yake kwana. Akwai ranar da na duba kwamfutar shago na tarar da takardun haihuwa, da sakamakon jarabawa, da katunan asibiti, da takardun cinikin gona na rabin unguwa. Ban ɗauki hakan matsala ba. Har alfahari nake yi, ina ce wa mutane in takardarku ta ɓata ku zo, tana nan.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. Kafin nan an hana sayar da fetur a jarka. Duk wanda yake nan a lokacin ya san yadda aka yi rayuwa. Mai layin Nijar sai ya matsa wajen iyaka ko ya nemi tudu kafin ya ji muryar ɗan uwansa. WhatsApp ya tsaya cak, ita kuwa buƙatar takarda ƙaruwa ta yi. Mutanen ƙauyuka sun cika gari, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi, da yawa sun baro gida ko tabarma ba su ɗauko ba. Abin da ya rage wa mutum na shaidar karatun ɗansa ko katin asibitin matarsa shi ne hoton da ke cikin waya. Muka koma Xender da Bluetooth, waɗanda ba su neman sabis: daga wayarka zuwa tawa, daga tawa zuwa kwamfuta, daga nan zuwa firinta. Kwafi biyu ke nan kake bar mini maimakon ɗaya.

Cikin waɗannan kwanaki wani dattijo ya shigo shago. Shi ne mai yi wa maigarinsu rubutu, kuma garin nasu ya tashi. Wani jikansa ya tsara masa jerin sunayen magidanta a waya, da yawan iyalin kowa, da gidan da kowa ya sauka a cikin gari, don a kai wa masu rabon tallafi. Na ce, "Baba, kawo wayar in tura."

Ya ce, "Ɗana, wayag ga ba ta barin hannuna."

Na yi dariya na ce to ya tura da kansa zuwa tawa. Ya tambaye ni ko in ya tura za ta zauna a cikin tawa. Na ce za ta zauna, amma zan goge. Ya dubi yarona, ya dubi samarin da ke jiran caji a kan benci, sannan ya ce, "Ba kai nika tuhuma ba. Amma sunayen mutane na, da inda kowa ya sauka. Wayarka hannu nawa taka shiga a yini?"

Ya sayi fallayen takarda da biro biyu, ya ce zai kwafe da hannu, ya fita. Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Da dare ina kwance na ƙirga hannun da wayata ta shiga a ranar: yarona, ƙanena, mai caji, da wani da ya ara don ya haska cikin jakarsa. A lokacin da kalmar infoma kaɗai take iya raba mutum da ransa, ni ina yawo da sirrin jama'a a aljihu ban sani ba. Dattijon ya fi ni sanin sana'ata. Daga ranar na fara neman hanyar da mutum zai aika aikinsa zuwa firinta kai tsaye, wayarsa na hannunsa.

Na fara da abin da na sani. Ina da wata rauta da muke shiga intanet da ita a da, kuma ko babu sabis tana ba da waifai, tana haɗa na'urorin da ke cikin ɗaki su ga juna. Na jona kwamfutar shago da ita, na kunna rabon firinta na Windows. Laftof ɗin wani malamin makaranta ta gani, ta buga. Wayoyi kuwa ko ɗaya ba ta san akwai firinta a ɗakin ba. Sai kuma wata ma'aikaciyar lafiya ta zo daga Sakkwato da sabuwar laftof, muka yi ta fama, allon na nuna mana saƙon kuskure. Daga baya na san dalili. A 2021 an gano wata ɓaraka a tsarin buga takardu na Windows wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, aka fitar da gyara don toshe ta. Laftof ɗinta ta karɓi gyaran, tawa da ba ta ga intanet ba ba ta karɓa ba, sai suka daina yarda da juna. Nata tsarin ne a kan daidai, nawa ne ya tsufa.

Da abin ya fi ƙarfina na ɗauki firintar, da rautar, da wata tsohuwar laftof da aka bar mini jingina ba a dawo ba, na shiga motar Sakkwato ta hanyar Goronyo. Ba sai na faɗa muku yadda zuciya take a kan hanyar nan a shekarar ba. Na sauka wurin wani Bayarabe mai gyaran kwamfuta da na koyi aiki a hannunsa. Kun san mu da su, taubasai ne. Da ya gan ni da firinta a kai sai ya ce bawansa ya kawo gaisuwa, na ce ubangida ne ya zo duba bawa. Da muka gama wasa ya saurari matsalata, ya ce, "Bagobiri, firintarka bebiya ce. Yaren kebul kaɗai take ji. Su kuma baƙinka kowa da yarensa. Tafinta za ka ɗauka."

Nan take na gane, domin abin da nake gani ke nan ranar kasuwa tun ina yaro. Bafillace ya kawo sa, Buzu ya zo da raƙumi, mutumin Maraɗi na lissafi da sefa, Bagobiri na lissafi da naira, kuma ciniki ya faɗa, saboda akwai dillali a tsakiya mai jin kowa. Haka na'urori suke. Kowace tana da ƙa'idar da take bi ta miƙa aiki ga firinta, kuma kowace ƙa'ida tana da lambar ƙofar da take ƙwanƙwasawa. Akwai LPD, dattijon cikinsu, wanda ya fito daga kwamfutocin Unix na jami'ar Berkeley a Amurka, ƙofarsa 515. Akwai SMB, yaren da kwamfutocin Windows ke raba fayil da firinta da shi, ƙofarsa 445. Akwai hanyar ƙofa 9100 da HP ya yaɗa, wadda ba gaisuwa ba tambaya, zuba aikin kawai ake yi. Sannan akwai IPP, ƙofa 631, wanda ya fi su hankali, domin yana iya tambayar firinta irin takardar da take ɗauka, yana kuma faɗa maka ko aikinka ya fita ko yana layi. Wayoyin zamani IPP suke ji. AirPrint na iPhone da aka fitar a 2010 a kansa aka gina shi, haka ma hidimar buga takarda da ke zuwa cikin Android tun daga sigar 8.

Tafintan shi ne tsohuwar laftof ɗin. Muka goge ta muka sa mata Ubuntu, sannan muka sa manhaja uku. Ta farko CUPS, wadda Michael Sweet ya rubuta, ta fito a 1999, Apple ya saye ta a 2007. Ita ce mai karɓar aiki ta IPP, ta jera shi a layi, ta juya shi zuwa abin da firinta ke fahimta. Ta biyu Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya a farkon shekarun 1990, mai magana da Windows da yarensa ta miƙa wa CUPS. Ta uku Avahi, wadda na fi so a cikinsu. Aikinta na sanƙira ne: tana shela a cikin waifai cewa akwai firinta a nan, ga sunanta, ga ƙofarta. Ba don ita ba, waya ba za ta san inda za ta nufa ba ko da ƙofar a buɗe take. Muka ƙara ɗan reshen CUPS mai jin LPD saboda tsofaffin kwamfutoci. Ƙofa 9100 muka bar ta a rufe, domin ba ni da mai buƙatarta, kuma ya ce kada in buɗe ƙofar da ba ni da baƙon da zai shigo ta nan.

Akwai wani hali na wannan firinta da ya kamata mai irinta ya sani. An ƙera LaserJet 1020 ta yadda ba ta riƙe manhajar cikinta idan aka kashe ta. Duk lokacin da ta samu wuta, sai kwamfutar da ke jone da ita ta tura mata wani ɗan fayil kafin ta iya buga ko harafi ɗaya. A Windows diraibarta ke yin wannan ba ka sani ba. A Ubuntu sai ka sa diraibar foo2zjs, ka sauko da fayil ɗin da kanka, kuma saukowar na buƙatar intanet. Da na koma gida ban yi wannan ba, da tafiyar ta tashi a banza. Alamar ta karɓa ita ce, bayan ka kunna ta ta yi ƙararta ta farko ta yi shiru, sai ta sake yin wata ƙara. Har yau in ban ji ƙara ta biyu ba, ba na karɓar kuɗin kowa.

A Sakkwato komai ya yi aiki. Da na dawo Sabon Birni sai wurin ya fara koya mini nasa darasin, kuma waɗannan ne nake so 'yan uwa masu shago su riƙe.

Na farko, adireshi. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambar adireshi, kuma in ta mutu ta tashi tana iya sauya rabon. Mu kuwa wutarmu ta sola ce da ɗan janareto, rauta na mutuwa sau da yawa a yini. Kwamfutocin da na saita jiya sai su wayi gari suna ƙwanƙwasa gidan da tafinta ya tashi. Maganin shi ne a ba laftof ɗin adireshi na dindindin. Na ba ta 192.168.1.10, na rubuta da maka a jikin bango.

Na biyu, na buɗe wa baƙi waifai na daban a rautar don kada su shiga kwamfutata, sai wayoyi suka daina ganin firinta. Ashe waifan baƙi yana hana na'urori ganin juna, shelar Avahi ba ta isa gare su. Na mayar da kowa waifai ɗaya, na kashe rabon fayil a kwamfutar shago, na bar firinta kaɗai a fili.

Na uku, idan waya ta shiga waifan da babu intanet a cikinsa, takan nuna gargaɗi, wata ma ta fice da kanta. Sai mun nuna wa mutum ya danna cewa ta zauna. Samari kuwa da suka ga sunan waifai suka cika ƙofar shago, sun ɗauka na samo sabis ta wata hanya. Na sha rantsuwa a makon nan, domin a lokacin ba ƙaramin haɗari ba ne a ce kai kaɗai ke da sabis a gari. Ƙarshe na sauya sunan waifan zuwa Firinta Kawai Babu Data.

Na huɗu, firinta mai aiki da tona tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, inbata ta kan yanke a tsakiyar aiki. Da hakan ta faru sai CUPS ya tsayar da layin gaba ɗaya, ko wuta ta dawo ba ya ci gaba sai an tashe shi da hannu. A cikin saitinsa akwai zaɓin abin da zai yi in an samu kuskure, na mayar da shi ya riƙa sake gwadawa. A nan ne ma na ga amfanin laftof a kan kwamfutar tebur: batirinta na riƙe layin ko wuta ta ɗauke.

Na biyar, girman takarda. Wasu na'urorin suna zuwa da ma'aunin takardar Amurka, mu kuma A4 muke amfani da ita, mu da Nijar duka. In ba ka tsayar da A4 a saitin firintar ba, sai ka ga shafi ya karkace ko layin ƙarshe ya yanke, inda sa hannu da hatimi suke.

Na shida, kuɗi. Ranar farko wani yaro ya tura littafi sukutum daga bakin ƙofa, kafin in ankara firinta ta cinye takarda mai yawa. Na saita CUPS ya riƙe kowane aiki har sai na sake shi. Ina buɗe shafinsa ta ƙofa 631 daga kwamfutar shago, in ga aikin da ke jira, mai shi ya faɗi yawan shafi ya biya, in danna ya fita. Wayoyin da ba su zo da hidimar buga takarda ba kuma, mukan tura musu manhajar Mopria ta Xender.

Saiti na ƙarshe shi ne wanda na yi tafiyar dominsa. CUPS kan ajiye kwafin aikin da ya buga na tsawon yini guda, don mai son sake bugawa. Na kashe wannan, na kashe ajiye tarihin ayyuka ma. Takarda na gama fita, fayil ɗin ya bar laftof. Sannan na zauna dare biyu ina goge tarin takardun mutane da ke kwamfutar shago da wayata. Wasu sun ji haushi da suka zo neman kwafin da na yi musu alkawari. Wata mata ta yi mini faɗa sosai a kan sakamakon jarabawar ɗiyarta, kuma tana da gaskiya, domin ya kamata in yi shela kafin in goge. Wannan kuskurena ne, har yau yana damuna.

Dattijon ya dawo bayan 'yan makonni, jerin nasa ya ƙaru. Na ce, "Baba, yau ba sai ka ba ni ba." Jikansa ya shiga waifai, ya buɗe takardar, ya danna bugawa, sunan firinta ya fito. Na saki aikin. Ita wannan firinta a kife take fitar da takarda, rubutu na kallon ƙasa. Na tattara shafukan a yadda suka fito na miƙa masa ban juya ba. Ya ƙirga, ya naɗe, ya sa a aljihun gaba. Ya tambayi jikan ko wani abu ya rage a wurina, yaron ya ce shi dai bai tura wa kowa ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "In kana son gani, kana iyawa?"

Na yi shiru kaɗan, sannan na ce masa ina iyawa. Gaskiyar ke nan. Aikin ta cikin laftof ɗina yake ratsawa, kuma wanda ya kashe ajiya zai iya kunna ta cikin minti ɗaya ba wanda ya sani. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ka rage hannuwa. Saura naka." Ya biya ya tafi.

An dawo da sabis daga baya, WhatsApp ya dawo, kuma mafi yawan masu zuwa shagona sun koma turo mini takardunsu ta lambata, domin ya fi musu sauƙi. Ba na hana su, amma nakan nuna musu rubutun da ke bango in ce akwai wata hanyar. Waɗanda suka fi bin ta su ne mata masu takardun asibiti, da malamai masu tambayoyin jarabawa, da masu rubutun unguwanni. Laftof ɗin na nan a ƙarƙashin tebur, gilashin a fashe, ina busa mata ƙura duk Juma'a lokacin hunturu.

'Yan uwa masu shago a Isa, da Goronyo, da Shinkafi, da ko'ina, ba sai kun sayi sabuwar firinta mai waifai ba. Tsohuwar laftof, da rauta ko da ba ta da layi, da yini ɗaya a inda akwai intanet sun isa. Kafin ku fara, ku buɗe inda fayilolin da aka turo muku suke taruwa a waya da kwamfuta, ku ƙirga takardun mutane nawa ne a ciki. In za ku goge, ku sanar da masu su tukuna. Wanda ya maƙale a wani mataki ya rubuta a ƙasa da irin firintarsa, zan amsa gwargwadon abin da na sani.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.